Injin da ya san hanya

Duk wanda ya taɓa raka mai sayen mota zuwa kasuwar motoci, a Yamai ko a Maraɗi ko a Damagaram, ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai saye yakan zagaya motar sau biyu, ya shafa fenti, ya zauna bisa kujera, ya kunna rediyo, ya tambaya ko na'urar sanyi tana aiki. In an buɗe masa gaban motar, sai ya leƙa kamar mai duba rijiya, ya gyaɗa kai, a rufe. Alhali kuwa abin da ke ƙarƙashin murfin nan shi ne zai nuna ko kuɗinsa sun zama jari ko sun zama asara. Ɗan kasuwar da ya ɗoro albasa daga Galmi, da ma'aikacin da aka tura aiki Tanut ko Ngigmi, dukansu inji ne zai kai su, shi ne kuma zai iya yashe su a daji. Saboda haka ya dace a waiwayi tarihin waɗansu tsofaffin injuna na jirgin sama da na mota da na moto, a ga tunanin da maƙeransu suka yi, da abin da ya sa suka daɗe suna aiki a wuraren da injunan da suka fi su ƙarfi suka gaza.

Turmi da taɓarya

Tushen kusan duk injunan nan ɗaya ne. A shekara ta 1862 wani injiniya Bafaranshe mai suna Alphonse Beau de Rochas ya tsara shi bisa takarda, sa'an nan a shekara ta 1876 Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injin da ya yi aiki da wannan tsari. Mai karatu ya ɗauki silinda tamkar turmin da aka kifa, fistan kuwa taɓaryar da ke hawa da sauka a cikinsa. A saman turmin akwai ƴan ƙofofi biyu, waɗanda makanikai ke kira supap. Da farko fistan ya sauka, ƙofa ɗaya ta buɗe, iska gauraye da isansi ta shiga. Na biyu ya hau, ya matse gaurayen nan a ɗan ƙaramin wuri. Na uku buji ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi, ta tura fistan ƙasa da ƙarfi. Na huɗu ya sake hawa, ɗaya ƙofar ta buɗe, hayaƙi ya fita. Cikin motsi huɗun nan guda ɗaya tak ke ba da ƙarfi, sauran ukun hidima ce suke yi masa.

A shekara ta 1897, a garin Augsburg na Jamus, Rudolf Diesel ya nuna wata hanyar. Injinsa iska tsantsa yake shaƙa, ya matse ta har ta koma kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta. Matsin nan yana sa ta yi zafi ƙwarai, ta yadda da zarar an fesa mata gazuwal sai ya kama wuta da kansa, ba tare da buji ba. Shi ya sa injin gazuwal yake da nauyi da kaurin jiki, kuma shi ya sa ya fi na isansi tsimin mai.

Sai dai akwai wani al'amari da ya kamata kowane mai inji ya riƙe. A tsohon injin isansi, abin da ke zama tafiya cikin kowace lita bai cika kai sulusi ba. Sauran duk zafi ne, wanda dole a fitar da shi, wani ta bututun hayaƙi, wani ta jikin injin. Injin da ya kasa zubar da zafinsa zai ci kansa. Bayan zafi akwai ƙura, wadda in ta haɗu da man inji takan zama kamar dutsen wasa tsakanin fistan da silinda. Bayan ƙura kuma akwai halin mai abin, wanda ba kullum yake canza mai a kan lokaci ba. Darajar maƙerin inji tana bayyana ne wajen amsar da ya ba waɗannan matsaloli.

Injin da ba ya da damar tsayawa

A sararin sama ne aka fi ɗaukar maganar da muhimmanci, domin matuƙin jirgi ba ya da gefen hanya da zai raɓa ya jira makaniki. Ran 17 ga watan Disamba na shekara ta 1903, ƴan uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirginsu na farko. Injinsa mai silinda huɗu ne, ƙarfinsa kimanin doki 12, kuma wanda ya ƙera shi makanikin shagonsu na kekuna ne a garin Dayton, Charlie Taylor. Ma'aikatun motoci na lokacin ba su ba su inji marar nauyi irin wanda suke so ba, sai mai gyaran keke ya zauna ya yi.

Daga nan maƙera suka rabu gida biyu. Waɗansu suka zaɓi sanyaya inji da ruwa, kamar yadda ake yi wa mota. Irin wannan inji siriri ne, yana ba jirgi hanci mai tsini da gudu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Merlin na Rolls-Royce, mai silinda 12 da ciki na lita 27, wanda ya tashi da jirgin yaƙin Ingila Spitfire. Amma ruwa yana bukatar radiyato da famfo da bututai, kuma ƴar huda ɗaya a cikin ɗayansu ta isa ta sa injin ya ƙone cikin mintoci kaɗan. Ɗaya gidan suka ce tun da jirgi cikin iska yake tafiya, a bar iskar ta yi aikin. Suka jera silindodi a da'ira kamar tsinkayen ƙafar keke, kowace tana fuskantar iska, jikinta cike da siraran fikafikan ƙarfe masu watsar da zafi. Abin da babu shi ba zai lalace ba, kuma a nan babu ruwan da zai tsiyaye.

Cikin watan Mayu na shekara ta 1927 Charles Lindbergh ya tashi shi kaɗai daga New York ya sauka Paris bayan awa 33 da rabi, da inji guda irin wannan, Wright Whirlwind mai silinda tara. Jama'a sun yi ta yabon matuƙin, amma masana sun gane cewa injin da ya yi kwana da yini yana juyawa bisa teku ba tare da tari ba shi ne ya buɗe zamanin jigilar fasinja.

Mai lura zai ga silindodin irin wannan inji a kowace da'ira ba sa rabuwa biyu daidai: biyar, ko bakwai, ko tara. Dalili shi ne wutar tana tashi ne tana tsallake silinda ɗaya, watau ta farko, ta uku, ta biyar, ta bakwai, sa'an nan ta biyu, ta huɗu, ta shida, ta yadda cikin juyi biyu kowace ta samu rabonta kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta canza ba. Kowace silinda tana da buji biyu, kowanne da na'urarsa ta ba da wuta, wadda ba ta dogara ga batir ba. In ɗaya ta mutu ɗayar ta ci gaba. Kafin a tashe shi da safe, makanikai sukan juya farfelar a hankali, domin mai yakan taru cikin silindodin da ke ƙasa, kuma fistan da ya daki mai da ƙarfi yana iya lanƙwasa sandarsa.

Wanda ya fi kowane yawa a wannan dangi shi ne Twin Wasp na Pratt & Whitney, mai silinda 14 a da'ira biyu, da ciki na kusan lita 30 da ƙarfin doki 1200. An ƙera fiye da dubu 173. Shi ne ke jan mafi yawan jiragen DC-3, wanda ya fara tashi ran 17 ga Disamba 1935, kuma aka ƙera fiye da dubu 10 na soja lokacin yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙi aka sayar da su da araha, suka watsu a Afirka, domin suna sauka a filin jar ƙasa ba sai da kwalta ba. Air Niger, da aka kafa a shekara ta 1966, yana daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi. Dattijan da suka taɓa jin rurinsa a filin jirgi ba su manta ba. Darasin wannan inji shi ne, a wurin da tsayawa take nufin mutuwa, maƙeri yakan rage yawan abubuwan da za su iya lalacewa, abin da kuma ba za a iya rabuwa da shi ba sai ya yi shi biyu.

Rigar da ake canzawa

Dangance da mota kuwa, ƙasar Nijar ta ga gwaji tun da wuri. Ran 28 ga watan Oktoba na shekara ta 1924, motoci takwas na Citroën, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, suka bar Colomb-Béchar a Aljeriya ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka ratsa hamada, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram kafin su nufi tafkin Cadi. Injin kowace ɗan ƙarami ne mai silinda huɗu, cikinsa bai kai lita ɗaya da rabi ba. A ƙarshen shekara ta 1959 kuma kamyo tara na Berliet, masu suna Gazelle, suka keta Tenere zuwa Cadi. Tafiye-tafiyen nan talla ce ta masu ƙera motoci, kuma hidimar mulkin mallaka ce, amma sun koya wa injiniyoyi cewa abin da ke aiki lafiya a titin Paris yana iya shaƙewa da rairayi a kwana uku.

Citroën ɗin ce kuma ta fitar da 2CV a shekara ta 1948, da inji mai silinda biyu kwance suna kallon juna, ƙarfinsa doki 9 kacal. Injiniya Walter Becchia ya bi hanyar masu jirgin sama: iska ke sanyaya shi, ba radiyato, ba famfon ruwa, ba ma takardar da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da silinda, wadda ƙonewarta ta sha kwantar da motoci. An yi ta ne domin manoman Faransa da hanyoyinsu na karkara.

Amma motar da ta zama ta gida a wannan yanki ita ce Peugeot 404, wadda ta fito a shekara ta 1960. Injinta na isansi mai silinda huɗu ne, cikinsa lita 1,6, an karkata shi gefe guda domin gaban motar ya yi ƙasa. Ba wani abin mamaki a cikinsa ga wanda ke neman gudu. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa na alminiyam, supap ɗinsa sanduna ke tura su daga ƙasa, kuma ba a matsa masa ya ba da iyakar ƙarfinsa ba. Injin da ake tambaya rabin abin da zai iya yakan daɗe, kamar jakin da ba a cika wa kaya.

Babbar hikimarsa tana cikin silinda. A injuna da yawa ramin silinda a jikin gangar aka huda shi, saboda haka in ya cinye sai an sauke injin duka, an kai shi wurin da ke da na'urar sassaƙa, wadda ba kowane gari ke da ita ba. A 404 kuwa kowace silinda bututu ce mai zaman kanta da ake zurawa cikin gangar, ruwan sanyi yana zagaye ta kai tsaye. Makanikai suna kiran ta shamis, watau riga, kuma sunan ya dace. In ta tsufa sai a zare ta, a saka sabuwa tare da sabon fistan da zobbansa, waɗanda ake saye a ƙunshi guda. Makaniki mai sukurdireba da ƴan makullai da inuwar bedi yana iya mayar da tsohon inji sabo cikin kwana biyu ko uku. Ta haka mota ɗaya takan yi rayuwa uku ko huɗu, ta fara a hannun babban ma'aikaci, ta koma taksi, ta ƙare tana ɗaukar buhunan hatsi ranar kasuwa.

Game da ƙura, motoci da kamyo da yawa na wancan zamani da aka yi domin ƙasashe masu zafi suna da matatar iska mai kwanon mai. Iska tana shiga ta sauka bisa man, ta juya sama da sauri, ƙurar da ta fi ta nauyi ta maƙale a ciki. Ba a sayen komai domin sabunta ta. A zubar da laka, a wanke kwanon, a zuba mai, shi ke nan.

An gwada 404 a fili. A tseren Safari na gabashin Afirka na shekara ta 1963, motoci 84 suka tashi, bakwai kaɗai suka iso, ta farkonsu kuwa 404 ce. Ta sake cinye tseren a 1966 da 1967 da 1968. A shekara ta 1965 wata 404 ta musamman mai injin gazuwal na Indenor ta yi awa 72 tana zagaya filin Montlhéry kusa da Paris da gudun da ya wuce kilomita 160 a awa, domin a nuna cewa gazuwal ba na tarakta kaɗai ba ne. An daina ƙera ƙaramar motar a Faransa a 1975, amma an ci gaba da harhaɗa 404 a Kenya har 1991. Ƙanwarta 504, da ta fito a 1968, ta gaji tsarin injin. Ma'aikatar Peugeot ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta yi ta harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, abin da ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwanni daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram. Wannan ma wani sashe ne na ƙarfin inji: injin da kayansa ke shagon unguwa ya fi wanda kayansa ke bayan teku, ko da na biyun ya fi shi kyan ƙira.

An ga amfanin haka a watan Janairu na shekara ta 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Farashin duk wani ƙarfe da ke zuwa daga Turai ya yi tsalle, albashi kuwa bai bi shi ba. Motocin da suka ci gaba da tafiya a shekarun nan su ne waɗanda ake iya kwancewa, a gyara, a ɗauko wani abu daga gawar wata motar a saka. A lokacin ne mutane da yawa suka gane cewa makanikin unguwa yana daga cikin ginshiƙan tattalin arziki.

Injin da ya san halin mai shi

Labarin moto ya fi kusa da talaka. Mobylette ta Motobécane, da ta fito a Faransa a shekara ta 1949, tana da inji mai motsi biyu maimakon huɗu. Ba ya da supap, fistan da kansa ke buɗe ramukan shiga da fita. Kayansa kaɗan ne, yaro mai koyon aiki yana iya kwance shi ya mayar kafin azahar. Amma ba ya da wurin ajiye man inji, sai an gauraya man da isansi, shi ya sa yake hayaƙi, yake kuma toshe bututunsa da baƙin gawayi, kuma wani kaso na isansin yana ficewa bai ƙone ba.

A shekara ta 1958, a Japan, Soichiro Honda da abokin aikinsa Takeo Fujisawa suka fitar da Super Cub, da ɗan inji mai motsi huɗu wanda cikinsa bai kai kofin shayi ba, santimita kubik 49. An kwantar da silindar tana kallon gaba domin iska ta buge ta, an kuma sa mata kulocin da ke kama kansa, domin mai kai abinci gida-gida ya iya tuƙi da hannu ɗaya. A shekara ta 2017 adadin waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100, abin da babu wata mota ko moto da ta taɓa yi.

Sai dai wanda ya fi shafar titunan Sahel shi ne wani injin na Honda da ya zo daga baya. A farkon shekarun 1970 kamfanin yana sayar da moto mai santimita kubik 125 wanda sandar da ke buɗe supap ɗinsa take can saman inji. Ƙira ce ta zamani, mai ba da gudu, amma tana bukatar mai mai tsabta ya riƙa hawa sama ba fashi. A ƙasashe masu tasowa injin ya yi ta lalacewa. Maimakon a ɗora laifi bisa masu saye, sai aka tura injiniyoyi kudu maso gabashin Asiya a shekara ta 1974 su ga yadda ake amfani da shi. Suka tarar moto ɗaya yana ɗaukar iyali da kaya, man inji ba a canza shi sai ya yi baƙi ƙirin, kuma ba a zuwa gareji sai abin ya tsaya cik. Suka koma suka sake tsarin. Suka sauko da abin da ke buɗe supap ƙasa kusa da tafkin mai, suka sa ƙusumbi guda ya riƙa tura sanduna biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, suka kuma sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan shi ne CG125, da ya fito a 1975. Bai kai wansa gudu ba, amma yana haƙuri da mai shi.

Ma'aikatun ƙasar Sin sun kwaikwayi wannan inji da na Super Cub da yawan gaske, kuma da yawa daga cikin motocin kabu-kabu masu ƙafa biyu da ke kai mata kasuwa da yara lakkwal jikokinsu ne, ko da wane suna aka rubuta a tanki. Ingancin ƙarfen ya bambanta daga ma'aikata zuwa ma'aikata, amma tsarin ya jure har da arahar ƙira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma injiniyoyin nan sun yi abin da ba kowa ke yi ba, sun je sun tambayi mai ɗakin.

Kada a yi wa sabo rashin adalci

Ba daidai ba ne a ce duk abin da ya tsufa ya fi. Tsofaffin injunan nan suna shan mai da yawa bisa ga ƙarfin da suke bayarwa. Suna bukatar a riƙa daidaita karburato da supap a kai a kai. Hayaƙinsu yana cutar da ƙirji, kuma shekara da shekaru isansin da suke sha yana ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Sai a shekara ta 2021 aka daina sayar da irin wannan isansi ga motoci a duniya baki ɗaya. Injin zamani, wanda kwamfuta ke auna masa mai da iska, yana tashi da bugu ɗaya, yana tsimin mai, kuma in an ba shi abin da yake so yana iya yin kilomita masu yawa ba a buɗe shi ba.

Matsalar tana cikin abin da yake so ɗin. Tun daga shekara ta 1997, lokacin da aka fara sa wa ƙananan motoci sabon tsarin fesa gazuwal daga bututu guda mai matsi, ƙarfin matsin ya tashi daga bar 1350 har ya wuce 2000. Ramukan da man ke fita ta cikinsu sirara ne kamar gashi. Ɗigon ruwa ko ƙwayar rairayi da tsohon famfo zai haɗiye ya wuce tana iya kashe su, kuma ba a gyara su da guduma. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Motocin hannu da aka yi shekaru ana shigowa da su ta Kwatano da Lome an ƙera su ne domin ƙasashe masu sanyi, da mai tatacce, da garejin da ke da na'urar karanta kwamfutar mota. In aka kawo irin wannan mota inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, aka zuba mata man kwalba na bakin hanya, ba ita ce ta ci amana ba, an kai ta inda ba a shirya ta ba ne. Shi ya sa direbobin arewa suka riƙe injin gazuwal na Toyota mai silinda shida da ake kira 1HZ, wanda ya fito a 1990 da ciki na lita 4,2 da famfo irin na da. Ba shi da gudu, amma ya gaji halin 404.

To, me ya rage ga mai saye? Ɗan kasuwar da zai sa jarinsa a mota ko kamyo yana da tambayoyi da ya kamata ya yi kafin ya tambayi farashi. Wane ne a garinsa ya san cikin wannan inji? A wane shago ake samun matatarsa da famfonsa, kuma kwana nawa ake jira? Wane irin mai yake sha, kuma ana samun sa mai tsabta a hanyar da zai riƙa bi? Motar da ta kwana goma a gareji tana jiran ƙarfe daga waje ta cinye ribar da tsimin manta ya kawo a wata shida. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta tabbatar da isowa.

Ma'aikacin da ke rattaba hannu bisa takardar sayen motocin gwamnati nauyinsa ya fi haka, domin da dukiyar jama'a yake ciniki. A harabar ma'aikatu da yawa ana ganin motoci masu sauran fenti zaune bisa duwatsu, waɗansu kyauta ce daga ƙasashen waje, kowace da irinta, abin da ya kwantar da su bai wuce wani ɗan akwatin lantarki ba. Da an tsaya bisa iri ɗaya ko biyu, aka sa kayan gyara da horar da makanikai cikin yarjejeniyar saye, da motar ɗaukar marar lafiya ba ta rasa ba ranar da ake bukatar ta.

Tsofaffin injuna kuwa suna ƙarewa, kuma babu mai dawo da su. Yaran da ke koyon aiki a gareji a yau za su yi rayuwarsu ne da injuna masu kwamfuta, saboda haka ya kamata makarantun koyon sana'a da masu gareji su ba su na'urar bincike da ilimin lantarki, kamar yadda aka ba iyayensu makulli da kunne. Amma kafin tsofaffin makanikai su ajiye aiki, ya dace a sa yaran nan su kwance injin 404 ko na CG125 a gabansu, ƙusa bayan ƙusa. A cikinsa ne za su ga da idonsu inda zafi ke bi, da inda ƙura ke shiga, da inda mai ke rasa isa, kuma waɗannan wurare ba su canza ba a injin da aka ƙera bana.